Tambayoyinku: littafin damina da yara za su rubuta da hannunsu

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na zaɓo wannan karon kuma duk kan abu ɗaya suke, ta farkon ita ce ta ci mafi yawan fili saboda ta taɓo min inda yake min ƙaiƙayi.

TAMBAYA: Baba Malam ina wuni, ya gida ya iyali. Ni malamar lakwal ce a nan Damagaram, CM1, wato aji biyar na firamare, nake riƙe da shi. Bara wani yaro na ajina saura ƙiris ya tafi a kududdufin bayan unguwarsu, Allah ya sa akwai masu bugun bulo kusa suka ciro shi. Kullum sai na yi musu faɗa, kar ku shiga ruwa, kar ku fake ƙarƙashin icce in ana tsawa, su ce wi madam, ana tashi sun manta. Na ji ance wasu wurare yara ne ke rubuta ƙananan littattafan labari da zane kan irin waɗannan haɗurra. Baba zai yiwu a wurinmu kuwa, mu da ba kayan aiki ba kuɗi? Ta ina zan fara?
Daga wata malama, unguwar Birni

AMSA: Ɗiyata lahiya lau, Allah ya yi miki albarka, shi kuma yaron Allah ya ƙara tsarewa. Zai yiwu, kuma a ganina wurinmu ya fi ko'ina buƙatarsa, bari in gaya miki dalili.

Ki duba kalandar lakwal. Muna shiga watan Oktoba mu fita wajen ƙarshen Yuni, shi kuma ruwan Damagaram ƙarfinsa Yuli ne da Agusta har zuwa farkon Satumba, wato daidai lokacin da hadari ke haɗowa kullum ke ba kya tare da yaran, suna bakans, suna gona, suna kiwo, suna talla, suna bakin tapki. Faɗan da kika yi musu a watan Maris ba zai bi su can ba. Amma ɗan littafin da yaro ya rubuta da hannunsa ya zana da hannunsa ya sa sunansa a bango, wannan gida zai tafi da shi, zai nuna wa inna, zai nuna wa kaka, ƙannensa da ba su shiga lakwal ba za su dame shi ya karanta musu har su haddace. Don haka lokacin aikin nan Mayu ne da farkon Yuni, kafin a tashi. Kar ki bari sai an dawo.

Kuma ba sai na tuna miki 2024 ba tunda a Birni kike. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin nan na ƙasa da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 ya zube bayan ruwan sama, a ƙasar Nijar baki ɗaya mutanen da suka rasu a daminar nan sun haura 300, har gwamnati ta ɗaga komawa lakwal daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata saboda azuzuwa da yawa sun lalace wasu kuma mutane ne suka fake a ciki. Yaran ajinki sun ga wannan da idonsu, wasu a gidajensu katanga ta faɗi. Kin ga ba sai kin nemo musu labari daga wata ƙasa ba, labarin yana cikin bakinsu.

To ga inda za ki fara. Ranar farko kar ki rubuta komai a tablo, kar ki ce yau darasinmu ambaliya. Ki zauna ki ce wa zai ba mu labarin ranar da ruwa ya fi ba shi tsoro. Da farko za su yi shiru suna kallon juna, sai ɗaya ya fara, daga nan kuma ba za ki iya tsayar da su ba. Ke aikinki saurare, kina ɗan rubutawa a kayenki, wane ya ce indararon ɗakinsu ya toshe ruwa ya taru a rufi, wance ta ce awakinsu ruwa ya ja, wane ya ce ƙaninsa ya taka wayar kuran da iska ta tsinko. Abin da suka faɗa shi ne jerin haɗurran unguwarsu na gaskiya, kuma sau da yawa ya sha bamban da abin da ke kika zata. Ni lokacin da nake mushe, wato malamin lakwal, a wani ƙauye ta wajen Mirriya na ɗauka tsawa ce babbar matsala, da na saurari yara ashe ƙorama ce da suke ƙetarawa kullum in za su kai abinci gona. In kin lura akwai yaron da ya rasa wani nasa a ruwa ko a rushewar gida, kar ki tilasta masa magana gaban aji, ki bar shi, in ya so zai zo da kansa, wani ma ta zane zai faɗa.

Rana ta biyu ki fita da su, ki nemi izinin direkta ku zaga unguwa da fensir da takarda. Garinmu kan duwatsu yake, ruwa ba ya nutsewa cikin dutse, gangarowa yake da gudu ya bi lungu ya taru a kwari, shi ya sa wani lungun da kike bi kullum da takalmi ba ko laima, cikin minti kaɗan sai ya koma rafi. Su tsaya su zana wannan lungun. Su zana kududdufin da ɗalibinki ya faɗa, da ramukan da masu bulo suka haƙa a gefensa, don abin da ke kashe yara ke nan, gefen ruwa iya gwiwa taku ɗaya gaba kuma rami ya fi tsayin babban mutum, ruwan jajir ba a ganin ƙasa. Su zana katangar da ta tsage ta jiƙe daga gindi. Ina nanata wannan saboda na sha ganin yaro an ce ya zana gida sai ya zana irin na cikin littafin Faransanci, jan rufi mai tsini da bututun hayaƙi, gidan da bai taɓa gani ba. In ya zana wannan, haɗarin ma ya zama na wata ƙasa. Ki ce masa a'a, gidanku nake so, da zauren da indararon da turken akuya.

Sai labari. Ki raba su rukuni rukuni, biyar ko shida, kowane rukuni haɗari ɗaya kawai, kar su cusa ambaliya da tsawa da zafi cikin littafi guda. A ciki akwai mai ba da labari, mai rubutu, masu zane biyu, mai ɗinki, kowa da abin da ya iya, kuma za ki sha mamaki, yaron nan na bencin baya da bai taɓa ɗaga hannu ba sau da yawa shi ne gwanin zane. Su yi shi yadda suka san tatsuniya, ga ta nan ga ta nanku, in suna son Gizo da Ƙoƙi su sa su, Gizo ai ya dace, shi ne mai taurin kan da zai ce shi ba ruwan da zai ja shi. Amma ni na fi son jarumin ya zama yaro ko yarinya kamarsu mai suna irin nasu.

Sharaɗi ɗaya nake so ki riƙe da ƙarfi, nan ne aikinki na malama yake. Dole a cikin labarin a ga abin da ake YI. Yara in kika bar su labarin zai zama wane bai ji magana ba ya shiga ruwa ya mutu, ƙurunƙus. Wannan tsoro kawai ya koyar, kuma yaron da abokinsa ke nutsewa gabansa tsoro ba zai gaya masa me zai yi ba, shi ya sa sau da yawa ake rasa biyu maimakon ɗaya, na biyun ya faɗa ne don ceto. To a shafin nan ya kamata a ga yarinya tana ihu tana kiran manya, a ga ta kwanta a ƙasa ta miƙa doguwar sanda ko ta kwance ɗankwali ko zane ta jefa bakinsa, a ga an jefa bidon ruwa wanda ba komai ciki an rufe bakinsa, irin mai launin ruwan ɗorawan nan da ba gidan da babu shi a Damagaram, yana yawo saman ruwa kuma yaro zai iya rungume shi. Ita ba ta shiga ba. Wannan hoton shi ne littafin gaba ɗaya.

Haka sauran. Kafin su rubuta ki tabbata ke kanki abin da za ki gyara musu daidai ne, ga kaɗan da na tabbatar. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, balle yaro, su auna 15 ɗin da regil a ƙafarsu su ga inda ya tsaya, za su yi mamakin ƙanƙantarsa. Ƙorama tana iya kawo ruwa alhali inda kake ko ɗigo ba a yi ba, can sama aka yi. Katangar ƙasa ba lokacin ruwan kaɗai take faɗuwa ba, ta sha ruwa ta yi nauyi gindinta ya ruɓe sai ta zube cikin dare ko washegari da rana tsaka, don haka ba kwanciya jikinta ba wasa gindinta, kuma in an ga ƙasa na zubowa daga rufi ko azara na ƙara a fita. Tsawa kuma tana son abu mai tsayi da ke tsaye shi kaɗai, icce ɗaya tilo tsakiyar gona shi ne wuri mafi muni duk da shi ne inda kowa ke rugawa, haka cikin ruwa, haka saman dutse. Cikin ɗaki ginanne ko cikin mota mai rufin ƙarfe ya fi, rumfa ba ta karewa. Akwai wani lissafi da yara ke so ƙwarai, in an yi walƙiya su fara ƙirga sakan har su ji ƙarar, kowane sakan 3 kusan kilomita 1 ne tunda ƙara tana tafiyar wajen mita 340 a sakan, ga darasin kalkil ya shigo kyauta. Amma su sani in dai kunne na jin tsawa to tana iya kaiwa inda suke, kuma a jira kamar minti 30 bayan ta ƙarshe kafin a koma fili. Wayar salula ba ta jawo tsawa kamar yadda ake faɗa, wadda ke jone da caji a bango ita ce abin gudu.

Ki tura su kuma wurin kakanni da tambaya ɗaya, ta yaya kuke gane hadari mai iska tun bai iso ba. Tsofaffinmu sun san daga gabas yake tasowa, sun san jan hadarin nan mai tahowa da bangon ƙura a gaba, sun san shirun da gari ke yi da sanyin iskar da ke bugowa kafin ya sauka. Wannan ilimi ne, masu meteyo, wato masu hasashen yanayi, ma haka suka ce, manyan hadarurrukan Sahel daga gabas suke tafiya zuwa yamma. A sa maganar kaka a shafi ɗaya, a sa sanarwar meteyo da ake ji a rediyo a shafi na gaba, yaro ya ga ba faɗa tsakaninsu.

Batun kaya kuma kar ya hana ki barci. Farar takarda 2 in kika haɗa kika ninka biyu kin sami shafi 8, ya isa, a ɗinke tsakiya da zare da allura, bango kuma kwalin sukari ko na sabulu. In ba fensir mai kala, almajiran unguwarku sun riga sun san yadda ake tawada da gawayi da ƙaro, jar ƙasa ta ba ki ja, zoɓo ma haka, gangamau ya ba ki rawaya, shuni ya ba ki ruwa da sama. Kowane shafi hoto babba, rubutu layi ɗaya ko biyu a ƙasa, kar ya wuce haka. A shafin ƙarshe su rubuta 18, lambar pompiye masu kashe gobara da ceto a Nijar, da sunan wurin da mutanen unguwa za su taru in ruwa ya shigo, wannan ki tambayi mai unguwa kar ki yanke da kanki. Kuma don Allah kar ki gyara musu zanen, ko kan mutum ya fi jikinsa girma ki bar shi haka. Kuskuren da za ki gyara shi ne wanda zai cutar, misali an zana jarumi ya fake gindin icce kuma ya tsira.

In an gama a yi fotokopi yadda kowane ɗan rukuni zai tafi da nasa, a kira iyaye ranar rabon sakamako yaran su karanta da bakinsu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ɗana ya zo min da irin wannan aikin daga lakwal, zane zanen ambaliya da gida na rushewa, ni gaskiya raina bai so ba. Ruwa rahama ne, mutuwa kuma in ta zo ba makawa. Ba tsoratar da yara ake ba da kuma yi wa kai mugun baki?
Daga wani magidanci, Zango

AMSA: Ɗan uwa na gode da ka faɗi abin da ke ranka, mutane da yawa haka suke ji ba su dai rubuto ba. Ruwa rahama ne ba shakka, mu da muka san wahalar ruwa a garin nan, mu da muka tashi muna bin layin famfo da 'yan garuwa, ba mai gaya mana darajarsa. Kuma ina tare da kai a abu ɗaya, in littafin gawa ce kawai da kuka to ba a yi aiki ba, abin da na gaya wa malamar da ke sama ke nan.

Amma ka tuna a hadisi ingantacce an ruwaito cewa a daren sanyi ko ruwan sama Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan sa mai kiran salla ya ce ku yi salla a masaukanku. Sallar jam'i ce fa, da duk girmanta, aka ce a zauna gida saboda halin da gari ke ciki. Ga kuma wanda ya tambaya ya ɗaure raƙuminsa ne ko ya sake shi ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure sannan ya dogara. Kai kanka kafin damina kana yaɓe rufi kana gyara indararo, ba wanda ya ce ka yi wa gidanka mugun baki.

Game da tsoro kuma, abin da na gani cikin shekarun da na yi da alli a hannu shi ne yaron da ya ga katanga ta faɗi tsoron yana nan cikinsa ko an yi maganar ko ba a yi ba, wani da an fara iska sai ya kama kuka ba a san dalili ba. In ya zana abin ya ba shi suna ya kuma san akwai abin da shi ƙaramin yaro zai iya yi, ya tada innarsa, ya janye ƙanwarsa daga jikin bango, hankalinsa ya fi kwanciya. Shawarata ka zauna da shi bayan magariba ya nuna maka shafi shafi, ka tambaye shi to a gidanmu wane bango ne ka ga ya fi rauni. Ka saurari amsar da kyau, yara suna ganin tsagar da mu manya muka saba da ita har muka daina gani.

TAMBAYA: Malam da wane harshe ya kamata a rubuta, Hausa ko Faransanci? Kuma damina ce kaɗai ke da haɗari?
Daga wani ɗalibin makarantar horon malamai, Damagaram

AMSA: Ƙanena, ka tambayi kanka wa za a karanta wa. In inna ce da kaka da ƙanne to da harshen da ake magana a tsakar gidan, a nan galibi Hausa, in yaron Barebari ne ko Bafillace ko Buzu kuma yana so ya sa nasa a bar shi ya sa. Faransancin sai ya zo a ƙasa layi ɗaya, ya zama darasin fassara. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, a Damagaram aka buɗe lakwal ta farko ta gwajin koyarwa da harshen gida a 1973, kuma tun 2025 Hausa ce aka ayyana harshen ƙasa. Kar ka manta da ajami, akwai iyaye da yawa da boko bai shige su ba amma ajami suna karanta shi tsaf, yaron da ke zuwa makarantar allo da yamma zai iya ƙara layi na uku.

Damina kuwa ba ita kaɗai ba ce. Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, kuma wannan yana samun yara suna lakwal, wasu cikin ajin zana wasu ƙarƙashin kwano. A yi littafi kan yarinyar da ta ga ƙawarta ta fara jiri da ciwon kai tana magana ba kan gado, ta ja ta inuwa ta jiƙa mata jiki tana mata fifita ta aika a kira babba, in tana cikin hayyacinta a ba ta ruwa kaɗan kaɗan, in ta suma ba a ɗura mata komai a baki, sai likita. Hunturu ma da nasa, ƙurar nan da bushewar iska lokacin sanƙarau ne, jiharmu ta sha fama da shi a 2022 da 2023, to littafin ya nuna zazzaɓi mai zafi da wuya ya sanƙare ba na jira ba ne har gobe, asibiti ake nufa a take. Ga gobara kuma, iska na kaɗawa an hura wutar jin ɗumi kusa da zana.

Tunda kana horo ne, ka gwada na hunturu da ajin da za a ba ka na gwaji a watan Nuwamba ko Disamba, rukuni biyu kawai don ka ga inda zai ba ka wuya, in ka yi ka aiko min da hoton shafi ɗaya ko biyu ta adireshin mujalla, da izinin iyayen yaran, ina so in gani.